Muryar Axl Rose ta ƙare ne, ko kunnuwanmu ne suka saba da ta faifai?

Bappa_Yelwa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma na san za ta sosa wa wasu rai. Muryar Axl Rose, mawaƙin ƙungiyar rok ta Guns N' Roses, ta ƙare. Ba raguwa na ce ba, ƙarewa. Duk wanda ya kalli wasan Guns N' Roses a bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a 2023 ya san abin da nake faɗa. In yana ƙasa ba a jin sa, in ya hau sama sai wata siririyar murya ta fito, babu gishiri, babu wannan kaushin da ya sa muka haukace a kan faifansu na 1987. Masu jitarsu Slash na nan daram, Duff na nan daram, mai waƙar ne kaɗai ya gaza. Me zai hana mutum irin wannan ya ajiye makirfo ya koma gida da mutuncinsa? Kuɗi ai ya tara.

Zee_Domayo:
Wa alaikumus salam. Yaya Bappa, kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kan mutumin nan? Yau da bakinka? Allah mai iko 😂

Jita_Dang:
Ban yarda ba. An haife shi a 1962, a Glastonbury shekararsa 61. Wasanninsu kuma yawanci kusan awa uku suke ɗauka, yana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Nuna min matashi ɗaya a zauren nan da zai yi awa uku yana ihu cikin tsari, jibi ya sauka a wata ƙasa ya maimaita. Ka ɗauko dattijo ka gwada shi da faifan da ya yi yana ɗan 25, a situdiyo, inda ake maimaita layi ɗaya har sai ya zauna. Babu adalci a nan, Yaya.

Bappa_Yelwa:
@Jita_Dang shekaru ba hujja ba ne. Mick Jagger na Rolling Stones haihuwar 1943 ne, a 2024 ya zaga Amurka yana rawa yana waƙa, ya ba Axl kusan shekara ashirin.

Jita_Dang:
Jagger bai taɓa hawa inda Axl ke hawa ba. Waƙarsa kusa da maganarsa take. Wanda ya gina sunansa a kan ƙarar da ke tsaga kunne shi ke fara biyan bashin.

Sono_Kakatare:
Ku ba ni wuri in sa baki, don nan ne abincina, ni ke ɗaukar kayan sauti zuwa bukukuwa a Marwa da ƙauyukan kewaye. Abin da mutane ba su sani ba, mai waƙa a kan dandamali ba ya jin abin da ku 'yan kallo kuke ji. Manyan bafil, wato manyan lasifikai, duka jama'a suke fuskanta, shi yana bayansu. Abin da ke zuwa kunnensa shi ne ritur, ƙananan lasifikan nan da ake kwantarwa a gaban ƙafarsa, ko kuma ɗan abin da ake cusawa a kunne. Mai konsol, wato mai daidaita sauti, ya ɓata wannan, to ko waye kai sai ka kauce, don ga ganguna a bayanka, ga jita suna ruri, kai kuma ba ka jin kanka. Wanda ba ya jin kansa sai ya ƙara ƙarfi, in ya ƙara ƙarfi maƙogwaro ya gaji tun wasa bai raba tsakiya ba.

Sannan sauti tafiya yake yi, wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ce kana waƙa a filin Rumde Ajiya na Garwa, ginin 'yan kallo na can yana da nisan mita ɗari, muryarka za ta je ta dawo maka bayan fiye da rabin daƙiƙa. Wanda bai saba ba sai ya kama bin amsa-kuwwar kansa ya saki kiɗan.

Kuma Malam Bappa, abin da ka kalla na talabijin ne, haɗinsa daban da na filin. A fili ƙarar jita da ihun jama'a suna lulluɓe murya, su rufa mata asiri. A talabijin an ciro ta tsirara an ajiye maka a kunne. Ban ce muryarsa ta da tana nan ba. Na ce kada a yanke wa mutum hukunci da lasifikar waya.

Bappa_Yelwa:
Na ji ka Malam Sono, kuma na gode da karatu. Amma ai a filin nan ɗaya, da kayan nan ɗaya, wasu suka hau a ranakun bikin kuma aka ji su rangaɗau. Kullum shi ne ritur ke ɓata wa? Tun yana matashi ma haka yake. A Montiriyal a 1992, bayan wuta ta ƙona James Hetfield na Metallica a kan dandamali, su Axl suka hau, bai yi nisa ba ya sauka, aka ce ritur ne da ciwon maƙogwaro, jama'a suka yi tarzoma. Lokacin shekararsa talatin.

Dan_Gili_Bridge:
To ka ga kai da kanka ka kawo hujjar da ta rushe maganarka ta farko. In tun 1992 wata rana ya yi kyau wata rana ya ɓaci, ashe ba ƙarewa ba ce, halinsa ne.

Tela_Balaji:
Ni dai tambayata, me ya haɗa mu da maƙogwaron Bature? Buhun masara ya tashi, man babur ya tashi, ku kuna nan kuna makokin muryar wani attajiri a Amurka.

Admin_Fada:
Malam Tela, zauren kiɗa da waƙa ne, haka aka rubuta a sama. Farashin masara na zauren kasuwa. A ci gaba, amma ban da zagi.

Adda_Hauwa_Kusuri:
Bari in ɗan yi muku bayani ta ɓangaren aikinmu na jinya, bayanin kowa da kowa ne, ba na mutum ɗaya ba. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tsoka biyu masu laushi, igiyoyin murya, tsawonsu a namiji wajen santimita biyu. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa, shi ne murya. Namiji in yana magana suna bugun juna sau ɗari da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. In ya hau irin saman da mawaƙan rok ke hawa, abin ya wuce sau ɗari biyar, kuma da ƙarfi. Shekara da shekaru ana haka, sai wurin ya yi kanta kamar tafin hannun manomi, su daina rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa, saman muryar ya tafi. Ga tsufa kuma, tsokar na sirancewa, tana bushewa. Ga taba, ga giya, ga rashin barci, ga ruwan tsamin ciki da ke hawowa da dare ya ƙona wurin.

Ba mawaƙa kaɗai ba ne. Malaman firamare masu aji cike da yara, masu talla a kasuwa, 'yan kamasho a tasha, duk suna zuwa mana da dusashewar murya. Wadda ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta warware ba, a je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, musamman mai shan taba. Kada a zauna ana ta tsotsar alewa.

Zee_Domayo:
Adda Hauwa Allah ya ƙara ilimi. Mamanmu malama ce, duk ƙarshen zango sai muryarta ta ɗauke. Zan nuna mata wannan.

Jita_Dang:
Na gode Adda. Ga abin da nake so Yaya Bappa ya gane. Wannan siririyar muryar da yake raina wa dabara ce. Kaushin da muke so, matse iska ake yi har naman da ke saman igiyoyin muryar ya shiga kaɗawa, kuma yana da tsada ga jiki. In ka saurari wasanninsa na 'yan shekarun nan da kyau za ka ji yana sako kaushin a wasu wurare, ya janye shi a wasu. Tattali yake don ya kai ƙarshen awa ukun. A Yulin 2022 sai da suka soke wasan Glasgow saboda rashin lafiya, bisa shawarar likita.

Kawu_Iro:
Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni rok ɗin da na sani na Johnny Hallyday ne, shi muke ji a rediyo muna samari, kuma har ya kusa rasuwa a 2017 yana hawa dandamali da muryarsa mai nauyi. Amma ku zo in tuna muku na gida. Mamman Shata ya yi waƙa fiye da shekara hamsin kafin Allah ya karɓi abinsa a 1999. Ba situdiyo ta rene shi ba, fili ne, ga kalangu ga jama'a. Ya kwana yana yi. Me ya sa muryarsa ta kai shi tsufa? Na farko bai taɓa fita daga inda Allah ya ajiye masa ita ba, a inda yake magana a nan yake waƙa. Na biyu yana da 'yan amshi. Ya jefa baiti, su karɓa, shi kuma ya ja numfashi, ya haɗiye yawu, ya shirya na gaba. Magabata ba don ado kawai suka sa amshi ba, hutu ne ga maigida. Naku kuwa shi kaɗai zai ɗauki waƙa daga farko har ƙarshe yana kururuwa, sai in mai jita ya karɓe shi.

Kuma da Shata ya tsufa muryar ta canza, ta yi kauri, ta yi ƙasa. Ba wanda ya ce ya koma gida. Kalmomin muke bi.

Bappa_Yelwa:
Allah ya ƙara girma Kawu. Amma a nan bambancin yake. Shata magana yake sayarwa, hikima da habaici. Axl ƙara ya sayar mana. In ƙarar ta tafi me ya rage?

Kawu_Iro:
To ɗana, wanda ya sayi ƙara ai ya san ba ta ajiyuwa.

Dan_Gili_Bridge:
Kawu ya gama da kai 😂

Rabi_Sabongari:
Ni duk wannan ban ga abin musu ba. Mawaƙin fili guda ɗaya aka yi, Freddie Mercury na ƙungiyar Queen. Ku je ku kalli Live Aid na 1986 a Wembley, mutum ɗaya ya riƙe mutum dubu saba'in da baki kawai, yana jefa musu suna amsawa. Kuma ɗan Afirka ne, a Zanzibar aka haife shi. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Jita_Dang:
Anti Rabi, Live Aid ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi. Na 1986 wasan Queen ne na kansu a filin. Kuma ki duba tsawonsa, minti ashirin da 'yan kai ne. Wasa ne da ba a taɓa yin irinsa ba, ban musa ba, amma minti ashirin daban, awa uku daban. Sannan Freddie lokacin bai kai arba'in ba, ya rasu a 1991 yana da 45. Ba wanda ya ji muryarsa a shekara sittin balle a gwada.

Wani abin kuma, shi kansa a fili ba ya hawa duk inda ya hau a faifai. Sau da yawa sai ya bi ta ƙasa, Roger Taylor mai ganga ya ɗauki saman. Gwaninta ce wannan, ya san inda zai kashe ƙarfinsa.

Rabi_Sabongari:
Ko 85 ko 86, magana dai ba ta canza ba. Kuma Axl ɗin naku da kansa ya je Wembley a 1992 ya yi waƙa a taron tunawa da Freddie. Ya san na gaba da shi.

Hamza_Marware:
Mu Zanzibar ɗin da muka sani shi ne mai jitar Les Têtes Brûlées na Yawunde, wanda ya rasu a 1988 yana matashi. In ana maganar rok a nan Kamaru a riƙa tunawa da su, kiɗan gargajiya na bikutsi suka ɗora a kan jita har suka kai shi Turai.

Malam_Sale_Ladan:
Assalamu alaikum. Ni ba mai sauraron waɗannan kaɗe-kaɗe ba ne, ƙanena ne ya turo min maganar Hajiya Hauwa ya ce ta shafe ni, kuma ta shafe ni. Ladan ya fi kowa sanin cewa murya ba ɗaya ba ce kullum. Ta asuba daban, ta la'asar daban. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, kiran asuba sai an yi da gaske. Abin da na gani yana taimako: ruwan ɗumi kafin a fara, zuma, ɗan citta da kanumfari, a rufe wuya da hanci in za a hau babur, kada a tashi daga barci a faɗa wa makirfo kai tsaye. Kuma matasan ladanai ina yawan gaya musu, lasifika aka saya don ta ɗauke muku ihu, ku daina yi mata nata aikin.

Adda_Hauwa_Kusuri:
Gaskiya ne Malam. Ƙari ɗaya kawai, abin da aka sha ba ya taɓa igiyoyin muryar, ta maƙoshin abinci yake wucewa. Zuma na sanyaya maƙogwaro, amma abin da ke jiƙa su shi ne yawan shan ruwa a yini da kuma shaƙar tururi. Raɗa kuma ba hutu ba ce, wanda muryarsa ta dushe ya yi shiru ya fi masa.

Zee_Domayo:
Ni fa gara min wanda muryarsa ke karyewa a gabana da wanda zai zo ya yi mana motsa baki. Bikin ƙawata da aka yi, an ɗauko wani mawaƙi daga tsallaken iyaka da kuɗi masu yawa. Yana tsakiyar waƙa, ya rufe ido ya dafe ƙirji, sai wuta ta ɗauke. Shiru kake ji. Aka ce to ya ci gaba da baki kafin a tada janareta, mata suna tafa masa. Wallahi layi biyu bai kai ba muka gane ashe kwamfuta muka yi wa liƙi.

Sono_Kakatare:
Hajiya Zee kada ki tona mana asirin sana'a 😅 Yawancin masu zuwa biki filashi mai ɗauke da waƙoƙinsu suke miƙo min, su ce in bar mikro a buɗe kaɗan don gaisuwa da kiran sunan masu liƙi. Wasu kuma suna rerawa a kan muryarsu ta faifai, in sun gaji su yi shiru faifan ya riƙe. Ban ga laifinsu duka ba, don mai biki ba zai biya kuɗin makaɗa biyar da motarsu da masaukinsu ba. Amma akwai waɗanda ko an biya ba za su iya ba. Tun da aka fito da Auto-Tune, manhajar gyara murya, a 1997 ake samun mawaƙin da bai taɓa jin ainihin muryarsa a faifai ba.

Hamza_Marware:
Turawa ma sun yi. Milli Vanilli an ba su Grammy a 1990, cikin shekarar aka ƙwace, da aka gano ko a faifan ba su suka rera ba.

Jita_Dang:
Waɗancan ba 'yan rok ba ne, kuma tasu yaudara ce tsagwaronta. Amma a rok ɗin ma akwai matakai. Queen in sun zo tsakiyar Bohemian Rhapsody, wurin nan mai muryoyi rututu, sauka suke yi daga dandamali a saki faifai, sannan su dawo. Kowa na gani, ba ɓoyo. Red Hot Chili Peppers a wasan Super Bowl na 2014 jitocinsu ba a jone suke ba, muryar ce kawai ta kai tsaye, kuma Flea, ɗaya daga cikinsu, ya fito ya faɗa da bakinsa. Shi ya sa nake kare Axl. Yana da kuɗin da zai sa a ɗora masa muryar 1987 a bayansa, ya yi ta motsa baki, Yaya Bappa ya yi ta tafi. Duk kaucewar da kuke ji shaida ce cewa shi ne ke yi.

Bappa_Yelwa:
Wato in gode masa don bai yaudare ni ba? Ai wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin mai waƙa. Kuma ku tuna 2016, da Brian Johnson mawaƙin AC/DC ya samu matsalar kunne Axl ya karɓe shi. Ya fara a Lizbon a zaune kan kujera da karyayyar ƙafa, kuma waƙoƙin nan sun fi nasa wuya, amma ya yi su har waɗanda suka zage shi da farko suka sara masa. Wannan Axl ɗin nake nema. Shi ya sa abin ke min ciwo.

Dan_Gili_Bridge:
A zaune, in ji ka. Ba gudu, ba tsalle, numfashi duka na waƙa ne. Wataƙila maganin ke nan, a ɗaure shi a kujera.

Abakar_Njamena:
Gaisuwa daga wannan gefen kogi. Ni ina ganin mun ɗora wa murya kayan da ba nata kaɗai ba. Ku kalli Mdou Moctar na Nijar, ko Bombino, ko Tinariwen da suka ci Grammy a 2012. Rok ne, Turawa na cika fili don su. Muryoyinsu ba masu hawa sama ba ne, a natse suke, jita ce ke kuka a madadinsu, kuma ban taɓa jin an ce yau muryar wane ba ta fita ba. A ƙananan wasannin da ake yi a nan Njamena ma, wanda ya fi burge ni ba shi ne mai kaifin murya ba, shi ne wanda in ya kauce ya san hanyar dawowa ba tare da ya firgita ba.

Kawu_Iro:
Abakar ka faɗi abin da nake nufi, ka fi ni iya tsara shi.

Rabi_Sabongari:
A'a Malam Abakar, salon ne daban. Ba za ka ce wa mai son Guns N' Roses ya haƙura da ihu ba, ihun ya zo ji.

Jita_Dang:
Kan tambayar Yaya Bappa ta farko, me zai hana ya ajiye. Hanyoyin da na ga manyansu sun bi ba ɗaya ba ne. Steven Tyler na Aerosmith ya ji rauni a maƙogwaro a 2023, a Agustan 2024 suka sanar sun daina yawon wasa. Jon Bon Jovi ya sha suka a kan wasanninsa na 2022, a shekarar aka yi masa tiyata a igiyar murya. Wanda ya fi burge ni Robert Plant na Led Zeppelin ne. Da Led Zeppelin suka sake haɗuwa a Landan a Disambar 2007 sun sauke wasu waƙoƙin ƙasa don su dace da muryarsa, wasan ya yi kyau, aka yi ta roƙonsa su zaga duniya ya ƙi. Ya koma yin waƙoƙi masu sanyi da Alison Krauss har suka ci Grammy a 2009. Tun 2003 ma ya je bikin hamada na Mali ya yi wasa da su Tinariwen a wuri ɗaya. Ya nemi waƙar da ta dace da muryar da yake da ita yanzu.

Bappa_Yelwa:
Yawwa! To Axl ya yi irin ta Plant mana. Ya sauke waƙoƙin, ko ya rage awa ukun ya koma ɗaya da rabi.

Jita_Dang:
Saukewa ba ta da sauƙi a wurinsu. Tun asali jitocinsu a sassauce suke da rabin mataki. Ka ƙara sassauta tsirkiya, sautin Slash ya canza, ya yi duhu, sai ku dawo nan ku buɗe sabuwar muhawara cewa jita ta lalace. Rage tsawon wasan kuwa na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Hamza_Marware:
Ku daina wahalar da kanku, maganar kuɗi ce. Zagayen da suka yi daga 2016 zuwa 2019, bayan dawowar Slash da Duff, ya tara sama da dalar Amurka miliyan 580. Bayan shi akwai direbobi, masu haɗa dandamali, masu fitilu, masu irin aikin Malam Sono, kowa da iyalinsa. Tikiti na ƙarewa, wa zai je ya ce masa maigida ka huta?

Zee_Domayo:
Kuma masu sayen tikitin ba kurame ba ne. Sun ga bidiyoyin da muka gani, suka biya. Mu da muke kallo a waya da ragowar data mu ne masu fushi.

Bappa_Yelwa:
Hajiya Zee, mai kallo a waya ma yana da kunne. Wanda ke cikin fili yana rera waƙar da bakinsa, muryar da ke kansa yake ji, ba ta dandamali ba.

Sono_Kakatare:
Wannan gaskiya ce, kuma ina ganinta a kowane biki. Da an sako waƙar da mata suka haddace, ko na kashe mikro ɗin mawaƙin ba wanda zai lura. Amma Malam Bappa ga shawara. Nemi wasa ɗaya cikakke na shekarun nan, ba guntun daƙiƙa talatin da ake yaɗawa ba, don masu yankan nan wurin da ya fi muni suke zaɓa. Sa abin kunne mai kyau, ka saurara daga farko har ƙarshe. Za ka ji inda ya faɗi, za ka ji inda ya tashi, musamman a waƙoƙin da yake yi da muryarsa ta ƙasa, wadda har yanzu tana da nauyi. Sannan ka dawo mu yi lissafi.

Bappa_Yelwa:
Na Glastonbury ɗin cikakke na kalla, ba guntu ba. Muryar ƙasan na yarda tana nan. Amma ba don ita aka san shi ba, kuma ba ita ke riƙe manyan waƙoƙin ba. Ina nan a kan bakana.

Tela_Balaji:
Tun da an hana ni maganar masara, Malam Sono nawa kake ɗauka zuwa Gaundare? Bikin ƙanwata bayan sallah ne, kuma masu kalangu za mu kira, ba mai filashi ba.

Sono_Kakatare:
Same ni ta akwatin sirri Malam Tela. Amma daga Marwa kuɗin mota kaɗai zai fi kuɗin aikin, gara in haɗa ka da wani a can. Ka ce masa ya tanadi mikro na 'yan amshi daban, kuma kada ya kusantar da na maigidan da bakin kalangu.

Rabi_Sabongari:
Kafin a watse, Brian Johnson ɗin da aka ambata ai ya dawo AC/DC, kuma ya girmi Axl da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, haihuwar 1947 ne. Wa ya saurari wasanninsa na 2024? Ni a kunnena shi ma da ƙyar yake kaiwa, amma ban ga kowa ya buɗe masa zaure ba.

Jita_Dang:
Don shi tun yana da ƙarfinsa muryarsa a shaƙe take, ba a gane ranar da ta gaji. Zan nemo na Axl na 2016 da na Brian na 2024 a waƙa ɗaya in sako su nan da dare, kowa ya ji da kunnensa.